Katin da Ya Sha Wanka

Tun kafin matar ta gama sallama Injiniya ya gama karanta ta. Jaka a hammata, tabarau a karan hanci, waya a hannu tana leƙawa kamar mai tsoron mantuwa. Irin waɗannan yake so, waɗanda ba su san hagu da dama ba.

Injiniya dai suna ne kawai, ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba. Amma a layin masu kayan kwamfuta babu wanda ya kai shi zaƙin baki. A shagonsa ake haɗa wa 'ya'yan mutane kwamfutar wasa, shi kuwa kallon sakarkaru yake musu, su da iyayensu. A gidansa ya haramta abin. Autarsa ta yi roƙo har ta gaji, yana ce mata shirme ne na sangartattun yara. Yanzu ta girma, ta kama aiki a asibiti, tana zaune a gidajen ma'aikata, shi kuma yana bugun ƙirji cewa haninsa ne ya kai ta can. Duk duniya ganin mutum ɗaya ne ya dame shi, na yarinyar nan. A wurinta babanta mai gaskiya ne, kuma gara ya rasa shagon da ta daina yi masa wannan kallo. Shi ya sa bai taɓa barin ta zauna masa a shago ba.

Matar ta ce kwamfutar wasa za a haɗa, ta farko, kuma ba tata ba ce, aiko ta aka yi. An daɗe ana tara kuɗin, don haka a zaɓa da kyau. Ta ƙara da cewa an ce mata kada ta tsaya ko'ina sai nan.

Ya yi murmushi. Kowa ma haka yake cewa in yana neman ragi.

Ya baje mata kaya a kan kantar shagon. Ga firosesa, ƙwaƙwalwar abin. Ga babban allon da komai ke hawa kansa. Ta leƙa waya, ta tambaya ko ƙwaƙwalwar za ta zauna a kan allon, don an ce wasu ba sa shiga juna. Ya ɗaga gira. Wato wani ɗan gata yana can kwance a kan kujera, ya kalli bidiyo biyu ya zama malami, ya turo baiwar Allah tana karanto masa tambayoyi. To, zai ga malanta.

Da aka zo akwatin wuta, wanda ke raba wa sauran kayan lantarki, ta ce an ja mata kunne kada a yi rowa a nan. Sai ya kunna mata fankoki masu fitilu, ja da shuɗi suna juyawa, ta saki baki tana kallo. Kafin ta dawo hayyacinta ya tura mata wani akwatin wuta marar asali, mai nauyin soson wanka, a cikin kwali mai ƙyalli. Da ta sunkuyo tana dubawa ya ji warin maganin goge ƙasa a mayafinta, ya ce a ransa mai aikin gidan ce ma aka turo.

Saura katin hoto, wanda ke zana wasan a allo, kuma shi ne mafi tsada. Yana da sabo a shago. Yana kuma da wani a ƙarƙashin kantar, wanda ya yi shekaru yana aiki ba hutu a wani sito mai zafi har ya gaji da duniya. A layin, irin wannan wanka ake masa: a goge da buroshi, a busa ƙura, a manna sabuwar takarda, a sa a sabon kwali. Ya daɗe yana jiran mai shi. Ya nuna mata sabon, ya ɗora tsohon.

Ya kunna, allo ya kawo haske, ya kashe da sauri kafin katin ya ɗau zafi. Matar ta yi ta godiya har da rusunawa, ta ce lallai yadda aka faɗa mata shi haka ta same shi. Ya raka ta bakin ƙofa yana danne dariya.

Ba a rufa mako ba ta bugo waya, yana tsaka da shan shayin safe. Ta ce an fara wasa ke nan abin ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi, ɗaki ya cika da ƙauri. An kira mai gyara ya buɗe, ya ce katin tsoho ne, akwatin wutar kuma ya ƙone ya ja sauran kayan.

Injiniya ya gyara zama. Wannan karatun ya haddace shi. Ya ce kaya in sun bar shago sun bar shi, wutar gidansu ce ba kyau, kuma mai gyaran nan ɓarawo ne, shi ya musanya katin. Ya ƙara da cewa wanda bai iya riƙe abu ba ya koma wasan ƙasa, ba kowane ɗan lele ne ya dace da kwamfuta ba.

Matar ta ce, "Duk an ji, na buɗe muryar wayar. Ga mai kwamfutar nan."

"Ba shi," in ji Injiniya, yana kurɓar shayi. "Na ga irinsa da yawa."

Aka ɗan yi motsi, wayar ta sauya hannu.

"Baba, ni ce. Na san ba za ka haɗa mini ba, shi ya sa na roƙi abokiyar aikina ta zo, na rantse mata kai ba ka cutar kowa."