Kuncin Baba na Hagu

Malamanmu sun ce tarihin al'umma a takarda yake zama. Na gidanmu a kuncin Baba na hagu yake, wanda ya yi shekaru yana murguɗawa a talabijin, duk garin Minna yana faɗuwa don dariya. Ni ban taɓa ganin ya motsa ba, domin shanyewar ɓarin jiki ta same shi kafin in yi wayo.

Wata la'asar ya sayi sabon kaset na bidiyo a unguwar Bosso, ya ba ni riƙo, muka tafi gidan talabijin a kwafo masa wasanninsa. Har yau ina tuna warin sabuwar ledar kaset ɗin.

"Yau za ki ga ubanki," ya ce, harshensa na nauyi. "Wannan na gida saura ne."

Mai kula da ɗakin kaset ya miƙe da ganinsa, ya kira shi da sunansa na wasa. "Oga Baba Tumbi, yi mana wannan fuskar taka mana."

Baba ya gwada. Rabin fuskar ya tafi, rabi ya ƙi. Mutumin ya yi dariya daidai ladabi, ya shiga ciki, ya daɗe. Da ya fito ni ya duba, ya ce kaset na da tsada, in an nuna shiri akan ɗauki wani a kansa.

Baba ya ce a kunna tsohon kaset ɗin wasan nasa duk da haka, ko an bar wani abu a ƙarshe. Muka kalla har ya ƙare, hannunsa mai lafiya a kafaɗata.

Tallan takin zamani ne.