Injin da Ya Sha Ruwanmu

"Mama, juye duka," in ji mai haɗa famfo. "Sabon inji sai an ba shi ruwa kafin ya jawo na ƙasa."

Tsohuwar ta dubi bokitinta. Shi ke nan ruwan da ya rage mata a gida, ga surukarta kwance da zazzaɓi tana jiran na shan magani.

"Ɗan nan, inji ne ko raƙumi?"

Matan layi suka kwashe da dariya. Kowacce ta miƙa nata, aka ɗura a tankin da aka ce sabuwar rijiyar burtsatse na ƙarƙashinsa.

Da hantsi babban baƙo ya iso. Ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka yi ta tafi. Mai hoto ya ce bai fito da kyau ba, a sake. Aka sake, aka kuma sakewa, ruwa na ta malala a ƙasa. Baiwar Allah ba ta damu ba, ai yanzu an samu rijiya.

Motoci na tashi, ta tara bokitinta. Famfo ya yi tari, ya ɗiga, ya yi shiru.

Ta zagaya neman mai haɗa famfon, sai ga shi da abokan aikinsa sun ɗaga tankin suna ɗorawa a mota. Jama'a, inda tankin ya zauna ko kaza ba ta taɓa tonawa ba!

"Ina rijiyar?"

"Matsa mana, Mama, mun makara," in ji shi. "Matan unguwar gaba tun safe suke layi da bokitansu."