Ƙwaƙwalwa ta Biyar

Sarkin Kwana ya murɗa makulli, a-kori-kurar ta yi gurnani, ta yi gurnani, ta ƙi tashi. Ya fito ya maka ƙofa har kajin maƙwabta suka watse.

Karo na huɗu ke nan cikin wata uku. Ƙwaƙwalwar inji, ɗan akwatin nan da bai kai faranti ba, mai gaya wa mota yawan dizal ɗin da za ta sha, ta sake mutuwa. Kuma don tsabar wulaƙanci, ba ta tashi yin haka ba sai a hannun mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana hawa da gangara a hanyar kan dutse, da ƙwan gona kiret ɗari biyu a bayansa, bai taɓa fasa ko guda ba. To, ban da ranar da mai lemu ya shigo da teburinsa har bakin kwalta. Wannan kowa ya san mai laifi. Sai kuma ginshiƙin ƙofar gida, wanda dama a karkace magini ya dasa shi.

Ta farko ruwan sama ne ya ƙone ta, ya yafe. Da ta biyu ta mutu sai ya je gidan mai ya tara wa manaja jama'a, ya ce ruwan wanki suke sayarwa. Da ta uku ta bi sahu, ya rabu da motar ya sayo wata irinta sak, fara tas. Ga shi cutar ta biyo shi har cikin sabuwa, kamar da sunansa aka aiko ta.

Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, shi ne mai gyaran lantarkin mota. Ya zo ya jona kwamfuta, ya miƙa masa ya duba.

"Karanta min," in ji Sarkin Kwana, yana gyara baƙin gilashin da ya ce yana ƙara masa kwarjini. "Ni ba na karanta rubutun raini."

"Baba, babu rai a cikinta. Zan kawo wata." Ya sosa ƙeya. "Amma da za a samo direba ya riƙa jan motar, kai kana zaune..."

"Direba? Ni za a samo wa direba? Tun kana tsotsar yatsa nake shan kwana da hannu ɗaya. 'Yata na ba ka, ban ba ka sitiyarina ba."

Surukin bai yi fushi ba. Abin da ya fi ƙona wa Sarkin Kwana rai ke nan. Ka zagi mutum a gaban matarka, ya ce maka "to, Baba," ya tafi, ya dawo da sabuwar ƙwaƙwalwa a kwali, ko kuɗin mai bai nema ba. Wannan ai ba ladabi ba ne, neman magana ne.

Uwargida ta ajiye masa shayi, ta kama hannunsa ta ɗora a kan kofin, kamar wani jariri.

"Maigida, da ka koma wurin likitan nan."

"Mota ce ba ta da lafiya, ni aka ce in je asibiti. Gidan nan kowa ya zama masani."

Da yamma mai gonar kaji ya yi waya. Ba ya son jin tarihi. In motar ba ta bakin gona ranar Litinin da ƙarfe huɗu na yamma, zai ba wani hanyar. Kuma wanin nan ba kowa ba ne sai tsohon kwandastansa, mutumin da har yau ba ya iya ribas sai ya leƙo da kai. Sarkin Kwana ya ƙi cin abinci. In hanyar ta tafi, sunan ma ya tafi. Wa zai kira mai zaman benci Sarkin Kwana?

A nan ya yi tunani irin na manya, ya gano abin da ya gagari kwamfuta: hannun mutum ne. Wani maƙiyi ke shigowa yana taɓa masa mota.

Litinin da safe suruki ya ɗaura ta biyar. Injin ya tashi da murɗa ɗaya, yana kiɗa kamar sabo. Sarkin Kwana ya kashe, ya jefa makulli a aljihu, ya kori surukin, ya sa sakata a ƙofa. Ya ɗaga bonet ya bar shi a buɗe don kada a yi masa komai a ɓoye. Ya jawo kujera, taku biyar daga motar, ya gicciye sanda a cinya, ya kafa ido. Ko ruwa ya ƙi sha, don kada fitsari ya tashe shi.

Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu ta yi. Ya buɗe rediyo, amma kansa bai juya ba.

Ya ji takun uwargida, da ƙarar kwandon wanki.

"Me kike yi a nan?"

"Shanya, Maigida."

"Ki yi nesa da motata. Yau ko ƙuda ne ya sauka, sai na gan shi."

"Na sani," ta ce, muryarta ba daɗi.

Ta ajiye kwandon a gaban motar, ta zaro sifana daga ƙarƙashin zannuwa. Noti huɗu, soket biyu, yadda surukin ya koya mata tun ranar da likita ya ce idon ba zai dawo ba. Ta cire ƙwaƙwalwar mai rai ta naɗe a tawul, ta mayar da ƙonanniyar nan ta farko, karo na huɗu, tana share hawaye da kafaɗa.

Rana tsaka, taku biyar a tsakaninsu, Sarkin Kwana yana kallonta ido buɗe, bai ga komai ba sai wani farin hazo yana motsi.