Ranar Da Aka Fasa Cibiya

Talata ce, rana ta take, ko iska babu.

Mai Walda yana durƙushe a rumfar bayan cibiyar koyon sana'a, yana gasa bakin wani rodi zai lanƙwasa. Bai kamata ya zo ba. Tun jiya Shugaba, mai kula da cibiyar, ya sallami kowa, ya ce a huta, shi zai shiga birni ya sake roƙon masu ba da tallafi.

"Har da kai, Baba. Ka zauna a gida, ƙarfe ba gudu zai yi ba."

Mai Walda ya ce to. Da gari ya waye ya ɗauki makullinsa. Zaman gida ciwon baya yake sa shi.

Cibiyar ta matasa ce. A nan yaran ƙauyukan kewaye suke koyon walda da ɗinki da gyaran waya. Waɗanda a da suke yini a tasha suna shaye-shaye, yanzu ƙofofi suke ƙerawa. Abin da ya jawo mata tsiya ke nan. Wata mata daga ofishin tallafi ta zo watan jiya, ta zagaya, ta yaba, sannan ta ce yankin ya zauna lafiya, tallafi zai koma inda ake rikici. Ƙarshen wata za a rufe.

"Wato laifinmu shi ne mun yi aiki," in ji Shugaba a ranar. Mutumin da ya sayar da motarsa don kada a sallami malamai.

Ƙarar babura ce ta fara zuwa. Sai ƙarar gilashi.

Mai Walda ya leƙa. Ƙarti ne, fuskoki a ɗaure da tsumma, hannuwa riƙe da gora da guduma. Na gabansu bai ce uffan ba, da hannu yake nuni. Ya nufi ƙofar aji, wadda sai an ɗan ɗaga ta sama kafin ta buɗu. Ya ɗaga, ya tura, suka afka.

Tebura suka tashi sama. Kekunan ɗinkin da ke jingine a bango suka sha guduma. Wani ya tsinke allo, wani ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon bai tsaya tunani ba. Ya fito da rodin a hannu, bakin ƙarfen ja wur.

"Kai, 'yan banza! Ubanku ne ya gina?"

Suka yi turus, kamar ba su zaci samun kowa ba. Sai wani gajere ya zabura ya sauke masa gora a kafaɗa. Ta biyu a baki. Ya ji haƙori ya karye, jini ya cika masa baki. Ya faɗi a kan gwiwa, suka rufe shi da duka, ƙafa a haƙarƙari, ƙafa a ciki.

Na gaban ya taho da gudu yana ture su. Ya sunkuyo a kansa, ya miƙo hannu. Mai Walda bai jira ya ga me hannun zai yi ba. Ya manna masa rodin a damtsen dama, ya danna da duk ƙarfin da ya rage masa.

Fata ta yi cuu. Ƙaurin nama ya tashi. Mutumin ya gantsare, amma ya haɗiye ihun, ko tari bai yi ba. Gajeren ya ɗaga guduma zai fasa kan tsohon. Na gaban ya tare shi da hannun hagu, ya hankaɗa shi waje. Kafin ya bi su ya ratsa ta rumfa, ya rufe bakin tukunyar gas da ke ta huci. Babura suka tashi.

Maƙwabta ne suka kai Mai Walda asibitin ƙauye. Aka ɗinke masa leɓe, aka ɗaure haƙarƙari. Aka ce ya kwanta. Ya ce a mayar da shi cibiya.

Ya zagaya yana dafa bango. Kekunan da aka farfasa matattu ne, waɗanda aka daɗe ana cire musu kayan gyara. Sababbin suna ɗakin ajiya, ko kwaɗon ba a taɓa ba. Mutane suka ce an yi sa'a.

Da yamma Shugaba ya iso cikin kwat ɗinsa ta shiga birni, duk da wannan zafi, gumi na tsiyaya daga goshinsa. Matar ofishin tallafi na biye da shi, tana ɗaukar hoton komai: gilashi, jini, kumburarren bakin tsohon.

"Ba za a rufe wuri a irin wannan hali ba," ta ce. "Yau zan kira manyanmu. Yaran nan suna buƙatarku fiye da da."

Shugaba ya tsaya a gaban Mai Walda, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya dafa shi da hannun hagu.

"Baba, ban ce ka zauna a gida ba?"

"Ka ce."

"Ka gane wani a cikinsu?"

Mai Walda ya tofar da jini gefe. Ya dubi matar, ya dubi rumfar da yara za su dawo gobe.

"Fuskokinsu a rufe suke."

Washegari da safe ya biya ta shagon magani, ya sayi man ƙuna da bandeji. Ya shiga ofis, ya tura ƙofa ta rufu, ya ajiye su a kan teburin Shugaba.

"Cire kwat ɗin in gani," ya ce. "Rodin nan akwai tsatsa."