Kwaɗin Fadamar Iya Dije

Malamin kimiyya ya ce kowa ya zano kwaɗon da ya gani da idonsa, don darasin wa ke cin wa a fadama. Shi ya sa da hantsi Hanne ta bi kakarta, Iya Dije, ɗibar ruwa.

Kukan kwaɗi ya cika wurin kamar kullum.

"Kin ji su ko?" in ji Iya Dije tana cika tulu. "Muddin suna kuka, ruwan nan lafiyarsa ƙalau. In da akwai guba, su za su fara mutuwa."

Hanne ta yi ta bankaɗa ciyawa. Babu kwaɗo, babu ko fara. Ta bi kukan har gindin wata giginya, sai ta tarar da ɗan akwati mai tambarin hukuma. Daga cikinsa kukan ke fitowa.

"Iya, zo ki gani."

Tsohuwar ta durƙusa, ta kara kunnenta. Can ƙasa-ƙasa cikin kukan, wani mutum ya yi tari sau biyu, ya ce, "Dije, miƙo mini fartanya."

Muryar mijinta ce. Shekararsa goma sha ɗaya a kabari. Ashe tsohon kuka ne da aka naɗa tun yana da rai.

Ba ta motsa ba har kukan ya zagayo, mijin nata ya sake yin tarin, ya sake kiranta.

Sannan ta waiwaya ta dubi tulun da take shayar da gidan duka da shi.

"Hanne, yau da safe kin sha?"

"Moɗa biyu, Iya."