Irin da Inna Ta Bari

Tana buɗe murfin bidon, jarkar robar nan, wari ya doke ta har sai da ta tofar da yawu. Irin shuka na maganin shawara da marigayiya Inna ta bari, wanda babu mai shi duk Gaya, ya zama baƙin kunu mai fumfuna.

"Yaya, wa ya ce ka juye shi daga tulu?"

"Bunsurun nan ke ta cusa baki," in ji wanta, yana toshe hanci. "Shi ya sa na rufe shi gam. Iri ai tsakuwa ne."

"Barci yake yi, yana numfashi! Da danshinsa ka shaƙe shi."

Ta kai bidon bayan katanga, inda bunsurun yake ɗaure yana ta hamami. Ta ɗaga ƙafa za ta haure shi, sai ta tsaya. Ruwan farko ya jiƙa kashinsa, ga ganye bibbiyu sun leƙo daga ciki, irin na Inna sak.

Ta durƙusa, ta shiga tsince kashin da hannun da take cin tuwo da shi.