Layuka Masu Kore

Tun hantsi wani matashi yake fama da saka manhajar gwaji a kwamfutar wata ƙungiyar manoma a Dutse. Ita za ta duba ko tsarinsu na tura saƙon rabon taki yana aiki. Ga ta da yawan buƙata: a sauke mata wannan, a sabunta mata wancan. Bai gaji ba.

"Bi a hankali, ɗana," in ji shugaban ƙungiyar. "Takin bai iso ba, mutane kuma a wuya suke."

Daga ƙarshe ta nemi lambobin waya. Jeri biyu ne masu suna kusan iri ɗaya, na bogi don gwaji da na ainihin manoma dubu uku. Ya zaɓi guda, ya danna.

Layuka suka fara komawa kore, alamar nasara. Ya yi hamdala.

Sai ga kiran mahaifinsa daga Kiyawa.

"Allah ya yi maka albarka! Saƙo ya shigo, wai mu zo yanzu. Gari duk ya fito, mota muke nema."

Ta taga yana hango sito a buɗe, babu ko buhu ɗaya. A fuskar kwamfutar kuwa, koren bai daina ƙaruwa ba.